A waya ina gani, a gasa kuma idona ya rufe

Ɗan Zariya:
Salamu alaikum ƴan uwa masu wasan eshek, wato chess. Wata takwas ke nan ina warware matsalolin Lichess, shafin eshek na intanet, a waya kowane dare a fadarmu, kafin shayi na uku ya sauko na yi ashirin. Amma ranar Asabar a wata ƴar gasa da aka yi nan Maradi, abin da ya same ni ya hana ni barci. Sarauniyata na e6, dokina na g5. Sarkin abokin karawata na h8, sojojinshi na g7 da h7, hasumiyarshi na a8. Na duba, na duba, sai na je na ci wani soja can gefe. Wasan ya ƙare kunnen doki. Bayan mun tashi wani yaro ɗan lakkol ya nuna mini mat ne nake riƙe da shi, wato kamun sarki da ke ƙare wasa. To don Allah yaya mutum zai san akwai nasara a gabanshi, alhali babu mai ce mishi ga ta nan?

Malam Mai Agogo:
Wa alaikumus salam ɗana. Abin da yaron ya nuna maka tsohon tarko ne. Doki f7 eshek, wato hari kan sarki, sarki g8. Doki h6, eshek biyu lokaci guda, dole sarki ya koma h8, don in ya je f8 sarauniya ta gama shi a f7. Sai ka miƙa sarauniya g8, hasumiya ta cinye ta, doki ya dawo f7. Sarki ya shaƙe cikin mutanenshi.

Idonka lafiya lau yake. Zuciyarka ce ta ƙi yarda a ba da sarauniya, shi ya sa tun kafin ka kai g8 ka janye. A waya an riga an gaya maka akwai abu, sai ka jure ka bi layin har ƙarshe. A gasa kai ne za ka gaya wa kanka. Ni kafin in taɓa komai, hannuna na ƙarƙashin tebur, ina ƙirga kowane eshek da nake da shi, har wanda ya yi kama da hauka, sannan abin da zan iya ci, sannan barazana. Ka tuna dokar FIDE, hukumar eshek ta duniya: ɗan wasan da ka taɓa shi za ka motsa.

Ƴar Tibiri:
Ƙarin da zan yi, Yaya: ka riƙa neman abin da babu mai tsaronshi, da sarkin da ba ya da ƙofar fita. In ka ga ɗayan biyun, tsaya ka kashe minti biyar, agogo don haka aka ba ka shi. Kuma kar ka ɗora wa ranka. Kiramnik yana zakaran duniya ya kasa ganin mat na taku ɗaya da yake wasa da kwamfuta Deep Fritz a 2006.

Ɗan Zariya:
Na gode Baba, na gode ƙanwata. Gaskiya na hango doki f7, amma da na ga sarauniya za ta tafi sai na bar lissafin. Daren nan zan jera matsayin a kan allo na katako, waya a aljihu, in kunna agogo. Baba, in kana fada ranar Lahadi bayan la'asar zan zo da takardar wasannina biyar ka duba mini.