Abokin marigayi ne, wata 14 bai biya kuɗin haya ba

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Maigidana ya rasu shekara biyu ke nan, ya bar gidan haya a Rijiyar Zaki nan Kano, ciki da falo guda huɗu. Da aka raba gado gidan ya faɗo a rabon yarana uku, ni nake riƙe musu. Mutum uku suna biya a kan lokaci. Na huɗun abokin marigayi ne tun suna makaranta, yau wata 14 ko sisi bai bayar ba. Duk sanda na aika ƙanena sai ya ce kasuwa ce ta tsaya, a ƙara haƙuri. Babu takarda a tsakaninsu, da baki suka yi magana.

Ga damina ta ƙarato, kwanon ɗakin ƙarshe yana yoyo. Bara da idona na ga matar ɗakin ta jera bokiti biyu a kan katifa tana tarar ruwa. Masai ma ya cika, sai an kira motar yasa. Ƙanena cewa yake a cire masa ƙofa kawai. Ni kuwa nauyinsa nake ji, ranar jana'iza shi ya tsaya a kan komai. Yaya zan yi?

Baban Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa. Hajiya, ki ja wa ƙanenki kunne. Cire ƙofa, yaye kwano ko yanke wuta, duk doka ba ta yarda ba, sai ki ga mai gaskiya ta koma ita ake ƙara. Idan babu yarjejeniyar da ta faɗi wani wa'adi daban, mai biyan shekara-shekara notis ɗin wata 6 ake ba shi, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya. Bayan ya cika a ƙara takardar kwana 7, sannan kotu. Ki sa lauya ya rubuta, domin kuskuren kwanan wata kaɗai yana iya rushe shari'ar.

Hajiya Babba:
Ni ba zan fara da lauya ba, ƙanwata. Ki je wurin mai unguwa tare da yayan marigayi, a kira shi a zauna. Wanda ya tsaya a kan gawar abokinsa yana da kunya, a gaban manya zai faɗi abin da zai iya. Amma ki riƙe wannan da kyau: kuɗin nan ba naki ba ne, na marayu ne. Da naki ne sai ki yafe ki samu lada. Dukiyar maraya kuwa amana ce, ba ki da ikon yin kara da ita. Ki faɗa masa haka da bakinki, a tausashe. Na taɓa shiga irin wannan da ɗan ƙanwar mahaifiyata, muka raba bashin gida shida, ya sa hannu, shaidu biyu suka sa. Sau ɗaya ya makara.

Dillali daga Ɗorayi:
Gaskiya ne Hajiya. In ƙara da cewa sauran ukun ma a rubuta musu yarjejeniya yanzu, kuma duk wanda ya biya a ba shi rasit. Duk shekara ki ware kuɗin ɗaki ɗaya don gyara, kada ki taɓa shi. Kwanon nan a gyara kafin ruwan farko, in silin ya jiƙa kuɗin ninkawa zai yi.

Maman Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar amanar nan ta taɓa ni, wallahi ban taɓa kallonta ta nan ba. Na kira yayan marigayi, ya ce ranar Asabar bayan la'asar za mu je wurin mai unguwa. Hajiya, takardar da kuka rubuta, a wurin wa kuka ajiye ta?

Hajiya Babba:
Kwafi uku muka yi. Ɗaya a wurina, ɗaya a wurinsa, ɗaya a hannun mai unguwa.