Neman shawara: muna son buɗe tashar kallo ta intanet a Zariya

Abban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata ɗaukar bidiyo ce, biki da suna da walimar saukar Alƙur'ani, shagona yana Tudun Wada. Ni da abokaina biyu mun haɗa naira miliyan 6 muna so mu buɗe manhajar kallo ta Hausa zalla, mutum ya biya kuɗin wata ya riƙa kallo a wayarsa. Wani matashi a Samaru ya ce zai haɗa mana ita a kan miliyan 2 da rabi. Ragowar za mu sayi tsofaffin finafinan Kannywood mu zuba, mu kuma shirya namu mai dogon zango. Kuɗin wata mun tsayar da 1,500. Abin da ke hana ni barci, a cikin kasona akwai kuɗin gadon uwargidana. Don Allah wanda ya san harkar nan ya gaya mana gaskiya.

Ɗan Samaru: Wa'alaikumus salam Yaya. Manhajar ita ce mafi araha a cikin lissafin nan. Ka koma ka tambayi matashin: ina bidiyon zai zauna, wa zai riƙa biyan kuɗin ajiyarsa? Kamfanonin da ke ajiye bidiyo su aika wa mai kallo da dala suke karɓa, kuma iya kallon da aka yi, iya kuɗin da za su caje ka. Mu ɗauka ka samu mutum 1,000, kowa ya kalli awa 10 a wata, kowace awa ta ci rabin giga. Giga 5,000 ke nan ka biya wa, duk wata. Sannan kowane fim sai an sarrafa shi kala-kala, mai nauyi da mara nauyi, saboda wanda ke Giwa ko Soba inda sabis ke rawa. Rajistar ɗora manhaja a Google Play dala 25 ce sau ɗaya, a Apple dala 99 duk shekara, waɗannan masu sauƙi ne. Amma in aka biya kuɗin wata ta cikin Google Play, kashi 15 nasu ne. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, duk mai samu da naira yana biya da dala ya san halin da yake ciki.

Maman Hanifa: Ni mai kallo ce kawai, bari in faɗa maka yadda muke yi a cikin gida. Memori nake ba yaro ya kai wa mai turi a bakin layi, da 'yan canji ya cika min shi, in na gama maƙwabciyata ta karɓa ta Xender. Kai kuma kana so in biya ka 1,500, in sake sayen data. Biya biyu ke nan fa Malam. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a farkon 2025, data ta zama abin lissafi. In za ku yi, ku sa a iya saukewa da datar dare a kalla da rana, kuma a bar mutum ya biya na kwana ɗaya ko na sati ta tiransifa. Yawancinmu ba ma yarda a riƙa cire mana kuɗi a kati ba tare da mun sani ba.

Baba na Sabon Gari: Ɗana, na sayar da kaset, na sayar da faifai, har kasuwar ta watse ina ciki. Tsofaffin finafinan da kake magana, mafi yawansu suna YouTube kyauta, wa zai biya ka ya kalle su? Wanda ma za ka saya, kada ka yarda da cinikin baki. A rubuta wa ke da haƙƙin mallaka, shekara nawa aka ba ka, kai kaɗai ne ko har da wasu. Na ga inda furodusa ya sayar, mai kuɗin fim ya taso daga baya da lauyansa. Akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022, akwai hukumar tace finafinai, kamfanin ma sai kun yi masa rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Fim mai dogon zango kuwa, kuɗin 'yan wasa da masauki da abinci da man janareto za su cinye ragowar kafin ku gama zango na farko. Ranar da kuka saki kuma, kafin la'asar yana Telegram.

Abu Sumayya: Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. iROKOtv, manhajar kallon finafinan Najeriya, ta fara a 2011 da kuɗin masu zuba jari na waje, mai ita Jason Njoku da kansa ya rubuta a 2025 cewa sun kashe kusan dala miliyan 100 kuma kasuwar Najeriya ba ta riƙe su ba. Amazon ta daina ɗaukar nauyin sababbin shirye-shirye a Afirka a Janairun 2024. A Kano ma Northflix, manhajar kallon finafinan Hausa, ta riga ku tun 2019. Ni shawarata ku bar maganar gaba ɗaya, ku ƙara kyamara ku faɗaɗa shagonku.

Malama Ummu Aisha: Ban goyi bayan a bari gaba ɗaya ba. Matsalar ita ce kuna son yin gasa da Kano a abin da Kano ta fi ku. Ku dubi abin da ke ƙofar gidanku mana. Hawan Sallah a fadar Zazzau, ba hoton dawakai kawai ba, a zauna da dattijon da zai ce wannan tawagar wane hakimi ce, me kirarin yake nufi. Masu ɗinkin babbar riga a cikin birni, a nuna hannun mutum yana fitar da aska takwas zare bayan zare. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, yaranmu nawa suka san labarinsa? Tashe da azumi. Ɗaliban sashen wasan kwaikwayo na ABU suna shirya wasanni a Drama Village, a kalla a dare ɗaya a tashi. Ga masana noma a cibiyoyin noma na ABU, IAR da NAERLS, nan Samaru, manomi zai tsaya ya saurari mai gaya masa da Hausa lokacin da ya dace ya zuba taki a masara. Wannan duk kyamararka ta biki za ta iya ɗauka. Ku fara a YouTube, su ke ɗaukar nauyin ajiya. In kun kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, za su fara raba kuɗin talla da ku, kashi 55 naku.

Ɗan Samaru: Gaskiya ne Malama, sai dai kada Yaya ya ɗora rai a kan kuɗin YouTube. Tallan da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ba ya kawo abin kirki, na 'yan uwanmu da ke Ingila da Amurka ya fi tsoka. Masu sayar da taki da makarantu masu zaman kansu na nan gari su za su fi saurin biya.

Baba na Sabon Gari: Kuɗin gadon yarinyar nan kuma ka cire shi, ko da ita ta ce ta yarda. A harkar fim ba a sa kuɗin da ba za a iya haƙura da shi ba.

Abban Khalifa: Allah ya saka da alheri, Baba na ji, yau zan mayar mata da kuɗinta. Mun zauna da abokaina, ɗaya har yanzu manhaja yake so, amma mun yarda a dakatar da ita. Za mu fara da masu ɗinki da shirin noma kafin damina ta sauka. Malama, don Allah ta wace hanya ake neman izinin ɗaukar wasannin ɗaliban, ta ofishin shugaban sashe ake bi ko ta malamin da ke kula da su?