Pudicitia: kunya ce, kamun kai ne, ko mutuncin jiki?

1/ 'Yan'uwa, kwana uku ke nan ina fama da kalmar Latin guda a wani darasi da nake rubutawa kan Rumawan dā: pudicitia. Da na tambaya yadda za a fassara ta da Hausa, mutane da yawa sun ce "kunya". Ban gamsu ba.

2/ Kunya tana da tata kalmar a wurinsu, pudor, kuma daga ita pudicitia ta fito. Amma kunyarmu ta yi faɗi. Uwar da ba ta kiran sunan ɗan fari kunya take yi, haka wanda ya kasa cin abinci gaban surukinsa. Pudicitia kuwa maganar jiki ce kawai: wa ya taɓa shi, wa bai taɓa ba. "Budurci" ma ba ya shiga, don matan aure aka fi yabo da ita.

3/ Wata Hajiya, malamar Hausa, ta kawo "kamun kai". Hajiya, na daɗe ina juya wannan, don ya yi kusa ƙwarai. Marubucin tarihi Libi ya ba da labarin Lukreshiya: 'ya'yan sarki da mijinta suka yi musun matar wa ta fi, suka hau dawakai da dare, suka tarar da ita zaune cikin kuyanginta tana aikin ulu a hasken fitila, sauran matan na can wurin shagali. Wannan kamun kai ne, babu ja.

4/ To amma ga inda ya gaza. Sekstus Tarkwiniyus, ɗaya daga cikin 'ya'yan sarkin, ya koma ya yi mata fyaɗe da takobi a hannu. Mijinta da mahaifinta suka ce ba ta da laifi, ita kuwa ta ce pudicitia ɗinta ta tafi, ta soke kanta da wuƙa. A ruwayarsu, wannan ne ya kawo ƙarshen sarautar Rum a 509 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Abin da ke ci mini rai ke nan: matar ba ta saki kanta ba ko na daƙiƙa ɗaya. Kamun kai ba a ƙwace shi da takobi. Abin da ake ketawa da ƙarfi, a bakinmu, mutunci ne.

5/ Wani Malam ya ce a ɗauko kalmar Larabci "iffa", wato tsare kai daga alfasha. Allah ya ƙara ilimi, Malam, sai dai iffa ana neman ta ga kowa, ɗa da bawa. Rumawa ba haka suka ɗauke ta ba. Marubucinsu Seneka Babba ya ruwaito wani lauya yana cewa rashin pudicitia laifi ne ga ɗa, dole ne ga bawa. Magidanci kuma ba ya rasa tasa don ya nemi kuyangarsa. Abin da ake tsarewa jikin 'yantacce ne, mace ko namiji. Idan muka ce iffa, mun wanke musu zaluncin da ke cikin kalmar.

6/ Har gunki Rumawa suka yi wa pudicitia, da ɗakin bauta a kasuwar shanun Rum. A 296 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) matan manya suka hana 'yar'uwarsu Berjiniya shiga don ta auri wanda ba jinin sarauta ba, sai ta ware wani sashe na gidanta ta kafa wa matan talakawa nasu.

7/ Don haka a darasin zan rubuta "mutuncin jiki". Ana tsare shi, ana zubar da shi, ana keta shi, kuma duk ukun Rumawa sun faɗa. Saura univira, matar da ta yi aure sau ɗaya tak a rayuwarta, wadda ita kaɗai ke da izinin yin hadaya a wancan ɗakin. Hajiya, me za mu kira ta?