Wace igiya ce ta dace da ɗaure tampol da rataye abinci a daji?

Bakano_Minesota:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu zuwa kwanan daji ku taimaka min da shawara. Ni da abokan aikina zamu shiga Boundary Waters, yankin tafkunan nan na arewacin Minesota kan iyaka da Kanada, da kwalekwale ake shiga, ba mota ba shago, duk abinda zaka ci yana bayanka. Da aka raba kaya ni aka ɗorawa tampol ɗin da zamu yi rumfar girki in ana ruwa, da igiyar rataye abinci saboda beyar, wata babbar dabbar daji mai satar abinci. Na shiga shago na ga igiyoyi kala kala har kaina ya ɗaure. A gida ina da parakod, igiyar nailan irin ta lemar saukowa daga jirgi, ƙafa 100 wadda aka rubuta 550 a jikinta, shin in raba ta biyu kawai ɗaya ta tampol ɗaya ta abinci, ko dole sai na sayi wata? Bana son ɓarnar kuɗi amma kuma bana son in ji kunya gaban mutane.

Tsohon_Sikawut:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Aiki biyu ne a gabanka kuma kowanne da irin igiyar da yake so, parakod zata yi maka duka biyun amma ba wanda zata yi da kyau.

550 ɗin nan nauyin da take ɗauka ne kafin ta tsinke, fam 550, wajen kilo 250, to ƙarfi kam akwai, ba shi bane matsalar. Matsalar nailan ce, tana miƙewa, dama don lemar saukowa daga jirgi aka yi ta shi yasa ake son ta da talewa, kuma nailan na shan ruwa, in ta jiƙe sai ta ƙara saki. Zaka ɗaure ta tam da magariba ka kwanta, cikin dare a yi ruwa, da asuba ka fito ka tarar tsakiyar tampol ya lotsa ruwa ya taru a ciki yana jiran wanda zai taɓa shi da kai. Ga igiyar da za a miƙa tsakanin bishiya biyu ka nemi foliyesta mai kaurin milimita 2 zuwa 3, ƙafa 30 zuwa 40 ta isa, bata miƙewa sosai, rana bata cinta da wuri, kuma jikinta na da kaushi yana riƙe ƙulli. Gefe ɗaya kayi ƙulli mai kunne wanda baya zargewa, ɗaya gefen kayi irin ɗaurin da ake wa kaya a mota don ka ja ta ta ɗame. Sai ka yanki 'yar siririyar igiya guda biyu kayi furusik, wato ka naɗe ta sau uku a jikin babbar ka maƙala bakin tampol, in ka tura da hannu tana tafiya in tampol ya ja sai ta cije. Dole ƙaramar ta fi babbar siranta in ba haka ba zamewa zata dinga yi. In ta ƙarƙashin tampol ka bi da igiyar, ka ɗaura ɗan guntun zare yana reto kusa da kowane baki, ruwan da ya biyo igiya daga bishiya zai bi zaren ya ɗiga ƙasa maimakon ya shigo muku kan tukunya.

Ta abinci kuwa akasin haka ake so, mai santsi siririya. Rigar parakod tana kama ɓawon itace, ka ɗora buhu mai nauyi kana ja tana gurzar reshe tana miƙewa buhun ko motsi bai yi ba, wani lokacin ma ta maƙale a sama gaba ɗaya. In ta maƙale da dutsen da ka jefa a jikinta kar ka tsaya saitinta kana fizga, in ya kuɓuce fuskarka zai nufo. Masu aikin sare bishiya suna da igiyar jifa ta Dyneema, wani irin zaren roba mai ƙarfi, akwai wadda ake cewa Zing-It milimita 1.75, ka ganta kamar ba komai amma ƙarfinta ya kusa na parakod, bata shan ruwa, tana sulɓewa a kan reshe. Ƙafa 50 ake saya. Aibinta biyu, tana yanka hannu sai ka naɗe ta a guntun itace ka ja da shi, kuma ƙulli na warwarewa a jikinta saboda santsin.

ƊanLodi_Dawanau:

Yallaɓai ni ban san beyar ba sai a waya amma tampol da igiya kam su ne abincina, damina duk a kan tirela muke rufe buhunan masara da waken suya. Maganar Malam gaskiya ce igiya mai miƙewa bata rufe kaya. Abu ɗaya zan ƙara, ko da wasa kar ka sayi shuɗiyar igiyar robar nan mai arha, sabuwa tana da kyau amma in ta sha rana sai ta fara gari tana sukar hannu, rana ɗaya kana ja zata ce ɗas ba sallama. Kuma duk inda ka yanka ka ƙona bakin da ashana ka murje shi. Ɗaurin motar da yace, kayi kunne a tsakiyar igiya, ka zaga bakin ta bayan bishiya ka dawo ka zura a kunnen ka ja baya, zaka ji ƙarfinka ya ninku, sai ka danne da babban yatsa ka ƙulle da zarge yadda da safe fizga ɗaya ya kwance. Ka gwada a gida tukun, ba a koyon ɗauri hadari na kanka.

Maman_Ikram:

Ƙanina duk kun tsaya kan igiya ba wanda yayi maganar bishiyar. Mu nan Ontariyo ta Kanada dajin Algonquin muke zuwa da yara kuma dajin kusan iri ɗaya ne da naku, bishiyoyin dogaye ne miƙaƙƙu rassansu gajeru masu sunkuyowa ƙasa, zaka yi ta yawo har duhu ya shiga baka samu reshen kirki ba. Kuma ka sani a 2024 hukumar dajin Boundary Waters ta maida abin doka, a lokacin ta ce daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Nuwamba ko dai abinci ya kai ƙafa 12 daga ƙasa da ƙafa 6 daga jikin bishiya, ko ya kasance cikin mazubin da aka tabbatar beyar baya iya fasawa. Ƙafa 6 ɗin nan ita ce wahalar, beyar baƙi gwanin hawa ne, buhun da ke manne da bishiya ka ajiye masa ne kawai. Shi yasa ƙafa 50 ɗaya bata isa ba a ganina, ka tafi da biyu da 'yar ƙaramar kura irin ta rijiya, ka miƙa ɗaya tsakanin bishiya biyu da kurar a tsakiya, ka ja buhun da ɗayar. Ragaya ce dai irin ta kakanninmu da ake rataye ƙwaryar nono saboda ɓera da kyanwa, sai dai wannan kyanwar ta fi mutum nauyi.

Ni dai yanzu na huta, mazubin na saya, eh yana da nauyi kuma abincin mutane da yawa baya shiga guda ɗaya, amma ba jifa ba neman reshe. A dajin Yosemite na Kalifoniya ma an hana ratayewa gaba ɗaya don beyar ɗin can sun gane igiya. Shuɗiyar gangar da masu kwalekwale ke ɗauka kuma bata cikin waɗanda aka amince da su, in ita abokanka zasu kawo sai an rataye ta. Sannan ba abinci kaɗai ba, man goge baki, man shafawa, sabulu, shara, har turarenka, nasan Bakano baya tafiya ba ɗan kwalbar turare, to a Boundary Waters ma an hana shiga da kwalba da gwangwani na abinci da abin sha, turaren dai ka barshi a gida kawai. Dambun nama in madam ta yi maka leda biyu zaka sa masa.

Ɗan_Bauchi:

Hhhh ku naku da sauƙi. A Yankari wajen Wikki ka rataye abinci a bishiya ai ka kai wa birai har gida ne, su a hannunka ma suke fizgewa. Mota ake sawa a ɗage gilas a kulle.

Bakano_Minesota:

Nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Aunty turare ya zauna a gida. Mu shida ne abincin zai yi nauyi, don haka kura da igiya biyu zan bi. Malam tambaya ɗaya, tunda zan sayi Zing-It ɗin me zai hana in saya da yawa in yi ta tampol ɗin ma da ita in huta? Parakod ɗin kuma in barta kenan?

Tsohon_Sikawut:

Zata yi, masu rage nauyin kaya haka suke yi, amma furusik zai dinga zamewa sai ka naɗa sau huɗu ko biyar, kuma siririya ce tana cin jikin bishiya in ka ɗame ta, sai ka sa maɗauri mai faɗi ko ka jera 'yan itatuwa a ƙarƙashinta. Ka nisanta ta da murhu, bata jure zafi kamar foliyesta. Tunda buhunku mai nauyi ne, wadda zata riƙe kurar ka sa mai kauri kaɗan. Parakod ka tafi da ita, shanya da ɗaure kwalekwale a bakin ruwa duk aikinta ne. Igiyoyin da zasu sauko daga kusurwar tampol zuwa turaku kuma ka sayi masu ƙyalli in an haska tocila, kai ne zaka fara fita alwala da asuba kowa na barci.