Zan kai Baba Pietrapertosa: me ya kamata mu gani a kwana biyu?

Zulaihat (Bari): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Iyayena za su zo min ziyara tsakiyar watan Yuni in Allah ya yarda, kuma Baba ya ce shi ba Roma ce a gabansa ba. Malamin tarihi ne, ya yi shekara talatin yana koyarwa kafin ya ajiye aiki. Tun da ya ji cewa Musulmi sun taɓa mulkin Bari ya kafe sai na kai shi inda zai ga sawunsu da idonsa. Wata 'yar ajinmu ta ce mu je Pietrapertosa a yankin Basilicata na kudancin Italiya, wai akwai unguwar Larabawa a kan dutse. Kwana biyu gare mu. Baba yana fama da gwiwa, Umma kuma ba ta son hawa. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka.

Malam Idi (Potenza): Wa alaikumussalam. Allah ya kawo su lafiya, 'yata. Garin yana kusa da mu, na je ya fi a ƙirga. Abu na farko, ki ɗauki hayar mota, kada ki dogara da bas, domin 'yan kaɗan ne ke hawa can, ranar Lahadi kuwa sai addu'a. Daga Bari ki ware kamar awa biyu. Za ki hau babban titin da ake kira Basentana, SS407, daga nan ki sauka ki fara hawan dutse. Hanyar kwana-kwana ce, ki sa Umma a gaba saboda jiri. Garin yana mita 1,088 sama da teku, duk Basilicata babu wanda ya fi shi tudu, don haka ko a Yuni ku riƙe rigar sanyi saboda dare.

Dakta Rabi'u: Malama Zulaihat, ki gaishe min da Baba, abokin sana'a ne. Amma ki shirya masa zuciya tun daga gida, kada ya je da tsammanin zai ga irin abin da ake gani a Andalus. Ba za ku ga masallaci ba, ba za ku ga hasumiya ba. Masarautar Bari ta yi ne daga 847 zuwa 871, sarkinta na ƙarshe shi ne Sawdan, wanda sarkin Faranki Luwis na Biyu ya ci da yaƙi. A wancan zamanin da bayansa rundunonin Musulmi sun riƙe wasu tsaunuka a cikin ƙasa, suna tsaron kwarin kogin Basento daga sama. Pietrapertosa na cikinsu. Ganuwar da ke can ƙolin gari ana danganta asalinta da su, amma ginin da ya rage yanzu yawancinsa na Normandawa ne, mayaƙan da suka zo daga arewacin Faransa, da waɗanda suka biyo bayansu.

Abin da ya saura na gaske shi ne unguwar da ke gindin ganuwar, Arabata. Gidaje ne ƙanana da suka jingina da dutse, wasu ma dutsen ne bangonsu na baya. Lunguna matsattsu, matakala sassaƙaƙƙu a jikin dutse, ka bi wani lungun ya ƙare maka a ƙofar gidan mutum. Unguwa ce da aka tsara don wanda ya san ta ya ɓace wa wanda bai san ta ba. Ni da na tsaya a wurin, abin da ya taɓa ni shi ne sunan. Fiye da shekara dubu, addini ya sauya, sarauta ta sauya sau da yawa, amma mutanen gari ba su daina kiran unguwar da sunan Larabawa ba. Mai tarihi irin Baba zai gane nauyin wannan.

Maman Khalil (Matera): Dakta ya faɗi gaskiya, sai dai ni gwiwar Baba nake ji. Arabata hawa ce zalla, ƙanwata. Surukata ta gwada, a rabin hanya ta zauna. Ki haɗa da Tricarico, yana ɗaya gefen kwarin, kuma kusan a kan hanyarku yake. Can unguwanni biyu ne, Rabata da Saracena, ga kuma lambuna hawa-hawa a gefen gari waɗanda ake cewa Larabawa ne suka fara su, da dabarar jan ruwa daga wannan hawa zuwa wancan. Akwai doguwar hasumiyar Normandawa mai siffar ganga. Can ma akwai gangara, amma ya fi sauƙi, kuma gari ne babba, za ku samu kantin magani da wurin zama.

Dakta Rabi'u: Na goyi bayan Tricarico. Sunan Rabata ma abin tattaunawa ne: wasu masana na cewa daga rabad yake, wato unguwar bayan ganuwa, wasu na cewa daga ribaɗi. Akwai ta uku a Tursi, Rabatana, amma ta yi muku nisa a wannan tafiyar.

Bashir Kumasi: Yaya Zulai, duk an bar babban abu! Volo dell'Angelo, wato tashin mala'ika. Igiyar ƙarfe ce aka ja daga Pietrapertosa zuwa garin da ke fuskantarsa, Castelmezzano. Za a ɗaure ki a kwance ruf da ciki, a sake ki, ki tsallaka kwarin kamar tsuntsu. Layi biyu ne, zuwa da dawowa, kowanne ya haura mita 1,400, gudun yana kaiwa kilomita 120 a awa. Minti ɗaya da 'yan kai kin isa. Ki yanki tikiti ta intanet tun da wuri, ba kullum ake buɗewa ba, kuma ana auna nauyi.

Malam Idi (Potenza): Bashir, dattawa za a kai.

Bashir Kumasi: Na sani Malam, ita nake nufi. Su Baba su zauna a dandali su sha shayi. Amma a gaskiya akwai tafiyar ƙafa mai hawa kafin a kai wurin tashi a ɓangaren Castelmezzano, sai ta ware rabin yini.

Zulaihat (Bari): Bashir na gode, amma in Umma ta gan ni a rataye a sama ba za ta yi barci ba har ta koma gida. Wannan sai wani zuwan. Wata tambaya: an ce akwai tsoffin coci-coci masu kyau. Umma tana sa hijabi har ƙasa, za a bar mu mu shiga? Kuma ya dace?

Maman Khalil (Matera): Babu mai hana ku. Su kansu suturta jiki suke so a cocinsu, masu gajeren wando ake yi wa magana. Kawai kada ku shiga ana tsakiyar ibada, ku yi ƙasa da murya, kada ku kunna fitilar kyamara a kan zane. A Pietrapertosa akwai gidan 'yan zuhudu na San Francesco, an kafa shi a 1474. Bangon ciki cike yake da zane na ƙarni na 16, akwai kuma kujerun katako sassaƙaƙƙu inda suke zama su yi addu'a. Aikin katakon nan kaɗai ya isa a tsaya a kalla. Babbar cocin gari kuma ita ce San Giacomo. A Castelmezzano akwai Santa Maria dell'Olmo a kan dandali, daga ƙofarta ake ganin garin gaba ɗaya a kwance cikin duwatsu. Matsalar ɗaya ce, sau da yawa a kulle suke. Ki tambaya a ofishin Pro Loco, wato ƙungiyar gari mai kula da masu yawon buɗe ido, ko a shagon kofi, ƙaramin gari ne, an san wanda ke riƙe da makulli.

Alhaji Mamman (Napoli): Ni dai ba na shiga, saboda gumaka da hotuna, kuma ban ce kowa ya bi ni ba. 'Yata, ki tambayi mahaifinki tukuna, shi ya san abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Abin da zan ƙara shi ne salla da abinci. Babu masallaci a waɗannan garuruwa, ku tafi da darduma, ku matafiya ne, kuna da sauƙin kasaru. Alƙibla kudu maso gabas take. Abinci kuwa ku buɗe ido sosai, mutanen yankin nan alfahari suke da tsiran alade, kuma suna sa kitsensa a inda ba ka zato, har a miyar taliya da wasu kayan gashi. Ki ce musu senza maiale, wato ban da alade, ki tambayi strutto, shi ne kitsen, ki tambayi ko an zuba giya a miya. Abin da nake ci hankali kwance shi ne baccalà, kifi mai gishiri, da peperoni cruschi. Wannan busasshen jan tattasai ne ake soyawa cikin man zaitun har ya yi ƙaras-ƙaras, ba ya da yaji. Hajiya za ta so shi, ku sayo mata ƙulli ta kai gida.

Malam Idi (Potenza): Alhaji ya tuna min, shaguna suna rufewa daga azahar sai wajen la'asar. Ku sayi ruwa da burodi da safe.

Shawarata babba ita ce ku kwana a can, kada ku yi zuwa da dawowa. Masu yawon buɗe ido suna watsewa da yamma, sai garin ya koma na masu shi, tsofaffi su fito bakin ƙofa. Ku je Castelmezzano gab da magariba, lokacin da ake kunna fitilu, ku tsaya a dandali. Gidajen suna manne a jikin dutse kamar an dasa su, ga tsaunuka masu tsini a bayansu. Duwatsun na yashi ne da ya daskare, iska da ruwan sama suka sassaƙa su, har mutanen wurin suka raɗa musu suna: gaggafa, mujiya, maƙera. Ido na ganin garuruwan biyu kamar ka miƙa hannu, amma a mota sai an sauka an zagaya. Akwai tsohuwar hanyar ƙafa tsakaninsu ta kamar kilomita 2, ana ce mata hanyar duwatsu bakwai, sai dai gangara ce da hawa, ba ta Baba ba ce. Haka ma matakalar Normandawa da aka sassaƙa a tsinin dutsen Castelmezzano, ku kalle ta daga ƙasa ya isa.

Bashir Kumasi: Ku riƙa ɗaga kai kuma. Akwai shirwa mai wutsiya kamar almakashi, suna da yawa. Akwai kuma wata tsuntsuwa 'yar'uwar shamuwa, baƙa mai jan baki da jan ƙafa, tana sheƙa a duwatsun nan. Irinta da sanyi ya shigo Turai sai su tsallaka Sahara su sauka a ƙasashenmu. Ba kowa ke dacewa da ganinta ba.

Maman Khalil (Matera): Tunda tsakiyar Yuni za ku, ki bincika ranar bikin Mascio na Pietrapertosa, ana yin sa ne don waliyyinsu Antonio. Suna sare doguwar bishiya a daji, shanun noma su jawo ta har cikin gari, a ɗaura mata kan wata bishiyar dabam, a tsayar da ita da igiyoyi, matasa su hau. Auren bishiya suke ce masa. Wanda ya fi shahara shi ne na Accettura, wani gari da ke maƙwabtaka da su, amma shi yana bin kalandar coci, ranarsa tana motsi tsakanin Mayu da Yuni. In kun dace da bikin, masauki zai yi wuya, ki kama ɗaki tun yanzu.

Dakta Rabi'u: Zan ƙara biyu don Baba. A dajin Gallipoli Cognato akwai tsaunin Croccia, inda ragowar ganuwar mutanen Lucania take, wato mutanen da na wannan yankin, ta tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, da wasu manyan duwatsu, Petre de la Mola, waɗanda hasken rana ke ratsa tsagarsu a ranar da dare ya fi tsawo a shekara. Sai an taka cikin daji, don haka ku duba ƙarfinsa. Wanda ba zan so ya wuce shi ba shi ne Campomaggiore Vecchio, yana kusa da inda za ku sauka daga Basentana. Gari ne da iyalan Rendina suka tsara a ƙarni na 18, tituna a miƙe, ana ba duk wanda ya zo zama fili da katakon gini. A 1885 ƙasa ta zaftare, mutane suka tashi gaba ɗaya suka sake gari a gaba. Bangon coci da na fadar masu garin suna nan tsaye ba rufi. Wurin bai da hawa irin na Arabata, zai iya zagayawa da sandarsa.

Zulaihat (Bari): Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa Baba komai ta waya. Ya ce ko da rarrafe ne sai ya shiga Arabata, kuma cocin zai shiga ya ga katakon. Ga yadda na tsara: ranar farko Tricarico da safe, mu kama masauki a Pietrapertosa, magariba a Castelmezzano. Washegari da sassafe Arabata kafin rana ta yi zafi, Campomaggiore a hanyar komawa. Yana tambayar Dakta ko Lucera za ta shiga.

Dakta Rabi'u: Ba za ta shiga ba, tana can arewa kusa da Foggia. Nan ne sarki Firedarik na Biyu ya tattara Musulmin Sisili daga shekarun 1220, suka zauna har aka rushe zamansu a 1300. Ku ware mata yini guda daga Bari, ta cancanci hakan.

Malam Idi (Potenza): 'Yata, ki sama wa Baba takalmi mai kama ƙasa, duwatsun lungunan nan sun goge, suna da santsi. In kun gama da Campomaggiore kada ku juya Bari kai tsaye, Potenza ba nisa. Ki yi min magana ta gefe kwana biyu kafin ku taso, uwargida za ta tuƙa musu tuwo.