Neman shawara: an kawo mini aikin akwatin lasifika, mai shi ya ce sai dai maɗaci zalla

Kafinta daga Kano (mai tambaya):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni kafinta ne, aikina gado da kujeru da kabad na kicin. Wani Alhaji da na daɗe ina yi wa kayan ɗaki ya dawo daga tafiya da lasifiku tsirara, ba akwati: manya biyu masu kaurin sauti da ake ce wa wufa, masu inci 6.5, ƙanana biyu masu siririn sauti da ake ce wa tiwita, da alluna biyu masu raba sauti. Ya ce ba na biki ba ne, na zama a falo a saurara ne, kuma sun ci kuɗi sosai. Yana so in haɗa masa akwati biyu dogaye da maɗaci zalla, irin wanda na yi masa teburin cin abinci da shi, don ya ce katako mai kyau shi ke ba da murya mai daɗi. Ban taɓa yin irin wannan ba, kuma ba na so in ɓata wa mutum kaya. Maɗacin zai yi? Girman akwatin kuma da ido ake ƙiyasta shi ko akwai lissafi?

Tsohon kafinta, Kaduna:
Wa alaikumus salam ɗana. Tun kafin a zo maganar sauti, ka tsaya a kan abin da kai ma ka sani a sana'arka. Katako zalla ba ya daina motsi. Da damina ya sha laima ya buɗe, hunturu ya shigo ya tsuke, kuma a faɗi yake wannan motsin, a tsawo kusan ba ya yi. Allo mai faɗin santimita 30 sai ya yi wasa da milimita 3 ko 4 tsakanin Agusta da Janairu a irin yanayinmu. A tebur ba damuwa, ka bar masa wurin da zai numfasa. Akwati kuwa fuska shida ne a manne da gam ta kowace kusurwa, wannan yana ja nan, wancan yana ja can, sai ka ji ya tsage a bakin haɗi ko a tsakiyar allo. Wanda aka yanko daga kudu aka jibge a 'Yan Katako bai gama bushewa ba ya fi kowane saurin yin haka. In kabad ya tsage, muni kawai ya yi. In akwatin lasifika ya tsage, iska ta samu hanya, aikin ya tashi daga aiki. Ka gaya wa Alhaji wannan a fili, cikin ladabi.

Mai gyaran ampilifaya:
Baba ya yi gaskiya. Abin da zan ƙara shi ne maganar "katako mai ba da murya". A ganga ko gurmi haka ne, jikin kayan shi ke amsawa, shi ne muryar. Akwatin lasifika akasin haka ake nema: a ce ya yi tsit, wufa kaɗai ke magana. Duk lokacin da bangon akwati ya yi rawa, yana ƙara nasa sautin a kan abin da aka naɗa, sai ka ji muryar mai karatu ta yi kauri kamar yana magana a cikin durom. Shi ya sa yawancin kamfanonin da ke sayar da masu tsada suke amfani da MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, ko filawud mai kyau, sannan su lulluɓe shi da siririn ɓawon katako, mai kallo ya ɗauka katako zalla ne. Malam, duba cikin kwalin da kayan suka zo, ba takarda mai lambobi? Nemi Fs da Qts da Vas ka turo mana.

Kafinta daga Kano (mai tambaya):
Akwai takarda Oga. An rubuta Fs 40 Hz, Qts 0.40, Vas lita 30. A ƙasa akwai ɗan zane da ya nuna faɗin fuskar gaba santimita 22, da tazarar da za a bari tsakanin wufa da tiwita. Ban ga tsawo ko zurfi ba.

Injiniyan sauti, Abuja:
Madalla, wannan takardar ita ce rabin aikin. Lambobin nan ana kiran su da sunan mutum biyu, Neville Thiele ɗan Ostareliya da ya wallafa lissafin a 1961, da Richard Small da ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Tun daga lokacin aka daina yin akwati da ƙiyasi. Fs ita ce inda wufa ke karkarwa da kanta in tana fili, ana auna ta da Hz, wato yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya. Vas yana nuna laushinta, an auna shi da litar iska. Qts kuma yana nuna yadda take saurin tsayawa bayan ta motsa.

Da waɗannan lambobin hanya biyu gare ka. In rufaffen akwati za ka yi, wanda ba ƙofar iska ko kaɗan, lissafi ya ba da kusan lita 14, bas ɗin zai fito tsaf amma zai fara raguwa daga wajen 70 Hz. Wannan ƙaramin akwati ne na ɗorawa a kan kanta. Tunda Alhaji dogaye yake so, yi mai bututu: lita 30 a ciki, da bututun da aka daidaita a kan 40 Hz. Fayif ɗin ruwa na roba mai inci 2, wato wanda ramin cikinsa ya kai santimita 5, in ka yanka shi kusan santimita 9 zai kai ka wurin. Ka goge bakinsa ciki da waje ya yi sulɓi, don kaifin baki yana sa iska fito in an ƙara sauti.

Ga awo na ciki da zai yi: faɗi 18.4, zurfi 26, tsawo 70. Zai ba ka lita 33 da ɗoriya, in ka cire wurin da maganaɗisun wufa da bututu da katakon tokara suka ci sai ka dawo kusa da 30. Ka lura, lissafin na ciki ne, ba na waje ba. In yana so ya fi haka tsawo don tiwita ta zo daidai kunnen wanda ke zaune, ka ƙara tsawon jiki amma ka toshe ƙasan da allo, ɗakin da ya rage a ƙasa ka zuba masa busasshen yashi ko ka ajiye allon raba sauti a ciki.

Abin da ba za ka taɓa ba shi ne santimita 22 ɗin nan da tazarar da aka zana. Wanda ya tsara allon raba sauti a kan wannan faɗin ya auna shi. Ka faɗaɗa fuskar don ta yi kyau a ido, sai daidaiton murya ya sauya, kuma ba fentin da zai gyara. In kana da kwamfuta, akwai manhaja kyauta mai suna WinISD, ka sa lambobin ka ga abin da na faɗa da idonka.

Mai sha'awar kayan sauti:
Ni dai ban yarda a ce katako zalla ba ya yi kwata-kwata ba. Sonus Faber na Italiya, wanda Franco Serblin ya kafa a 1983, da katakon goro na Turai zalla ya yi suna, ana kuma sayen kayansa da tsada har yau. Me zai hana namu maɗacin?

Tsohon kafinta, Kaduna:
Ɗan uwa, ka duba hoton kayan nasu da kyau. Ba faffaɗan allo ɗaya ba ne, ƙananan sanduna ne aka jera aka manne, an busar da su yadda ya kamata kafin a taɓa su, kuma ɗakunan da za su zauna ba sa ganin irin bushewar da muke gani a watan Janairu. Ba cewa na yi ba a iya ba. Cewa na yi wanda wannan ne aikinsa na farko, da katakon kasuwa, kada ya gwada a kan kayan mutane.

Injiniyan sauti, Abuja:
Akwai kuma saɓani ko a tsakanin masu allo ɗin, gara Malam ya sani. Wasu sun tafi a kan kauri da tokara. Bowers & Wilkins na Ingila a shekarun 1980 suka fito da tsarin da suke cika cikin akwati da alluna masu huji a sarƙe, bango ya rasa inda zai motsa. Injiniyoyin BBC kuwa akasin haka suka bi. Ƙaramar lasifikarsu LS3/5A, da aka yi a tsakiyar shekarun 1970 don motocin watsa shiri daga waje, filawud ne mai milimita 12 kacal, aka manna masa faifan kwalta a ciki. Dabararsu ita ce bango siriri mai nauyi yana rawa a ƙasa, inda kunne bai cika damuwa ba, kuma rawar tana mutuwa da wuri, maimakon ta hau zuwa inda muryar ɗan Adam take. Duka biyun suna aiki. Amma na BBC sai da kayan awo, don haka ga kafinta na fi son ya bi hanyar kauri: MDF mai milimita 18, fuskar gaba a ninka ta zama 36, da tokara biyu ko uku masu kama da firam ɗin taga da suka kama bango huɗu a lokaci ɗaya. Kada ka raba su daidai wa daida, bari tazarar ta bambanta, don kada sassan bangon su yi rawa a murya ɗaya.

Filawud ɗin Baltik mai falle 13 a milimita 18 ya fi MDF ƙarfi da riƙe sukuru, amma ya yi wuya ya yi tsada tun 2022, saboda mafi yawansa daga Rasha yake fitowa. Filawud ɗin kasuwa kuwa ka dubi bakinsa, in ka ga ramuka a tsakanin falle ka bar shi, ramukan nan suna zuza.

Mai shagon kayan ɗaki, Zariya:
Malam, ni ta wajen ado zan shigo, don abin da Alhaji zai fara gani ke nan, kuma uwargida ce za ta yanke hukuncin ko zai zauna a falo. Ana samun ɓawon maɗaci siriri, kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ba. Ka sayi wanda aka yanko daga gungume ɗaya a jere, don zanen akwatin dama ya yi daidai da na hagu. Kada ka manna shi da gam ɗin da kuke sa wa fomaika, zafin bazara yana sa shi kumbura ya yi ƙuraje a ƙarƙashin fenti. Farin gam za ka shafa wa allon da bayan ɓawon, ka bari su sha iska har su daina kama yatsa, sannan ka ɗora ka bi da dutsen guga mai matsakaicin zafi, da takarda a tsakani, daga tsakiya zuwa baki. A kusurwoyin gaba ka sa siraran sandunan maɗaci na gaske, su ba faɗi gare su ba balle su yi motsi, sai ka zagaye su da rauta. Hannu zai taɓa katako zalla, ido zai ga maɗaci, kowa ya samu abin da yake so. Kuma ka rufe duk bakin MDF da fenti har ta ciki, ka sa masa ƙafa ya ɗan tashi daga ƙasa. Ruwan mofa sau biyu ya isa ya kumbura gindin.

Kafinta daga Kano (mai tambaya):
Allah ya saka da alheri, Hajiya mai shagon Zariya, Baba, Injiniya, na gode ƙwarai. Na kira Alhaji na karanta masa, ya ɗan yi jim, amma da na ce kusurwa maɗaci ne na gaske ya amince. Saura tambaya biyu. Me ake sa wa a ciki, soson katifa zai yi? Sannan kusa zan buga ko sukuru?

Mai gyaran ampilifaya:
Kusa kam a'a. Gam ne ke riƙe akwati, ka shafa shi ya wadata ka matse har ya tsatso, ka bar shi ya kwana. In za ka sa sukuru don ya riƙe maka kafin gam ya kama, ka fara huda masa hanya, don bakin MDF yana darewa. Wajen ɗaura wufa ka sa noti irin mai shiga cikin katako ta baya, saboda za a cire a mayar ba sau ɗaya ba, da siririn soso a ƙarƙashin bakinta don kada iska ta sulale. Tiwita kuma ka fafe mata gurbi da rauta ta zauna daidai da fuskar allo, kada ta yi tudu.

Soson katifa mai toshewa ba ya shan sauti sosai. Hura shi da baki, in iska ta wuce zai yi, in ba ta wuce ba ka ajiye shi. Audugar roba ta cikin filo ta fi, ko bargon ulu mai kauri. A akwati mai bututu bango ake liƙa wa, musamman bayan wufa da ƙasa, ba a cusa shi dam, kuma ka bar hanyar bututun a buɗe. Tsawon nan na santimita 70 zai sa sauti ya riƙa kai da komo tsakanin sama da ƙasa a wajen 245 Hz, don haka ka ninka abin da za ka shimfiɗa a ƙasan. Ka sa takunkumi in kana yankan MDF, ƙurarsa tana da illa ga ƙirji.

Injiniyan sauti, Abuja:
Kafin ka manna ɓawon, haɗa akwati ɗaya tsirara ka gwada. Toshe bututun da tsumma sosai, ka danna wufa a hankali da yatsu a zagaye, ba a kan hular tsakiya ba, ka riƙe kaɗan ka saki. In ta shige ba turjiya, ta kuma dawo nan take, akwai inda iska ke zurarewa, ka bi bakin haɗi da wurin da waya ta fita. Sannan ka kunna muryar mutum yana magana, ba kiɗa ba, ka ɗora tafin hannu a gefen akwatin. Inda ka ji yana karkarwa sosai, nan ne ke son ƙarin tokara. Bututun kuma kada ka sa masa gam sai kun kai falon Alhaji kun saurara. In zai jingina su kusa da bango, bas zai ƙaru, sai ka canja fayif ɗin da mai santimita 11 ko 12.