Neman Shawarar Masu Zane: Wane Tsuntsu Ne Zai Isar da Saƙon?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu zane da malamanmu. Ina shirya zane uku da fentin mai domin kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata, waɗanda ake farawa ranar 25 ga Nuwamba a kammala ranar 10 ga Disamba, kuma na zaɓi tsuntsaye ne saboda ba na son in zana fuskar mace da kumburi ko jini, gudun kada in fama wa wadda abin ya taɓa shafa ciwonta.

A zanen farko na yi kurciya mai karyayyen fiffike a kan katangar tsakar gida, ƙarƙashinta ga turmi da tabarya a yashe. Da na nuna wa mata biyar a unguwarmu, uku suka ce ai wannan sammun kurciya ne, irin wanda ake cewa yana raba mutum da garinsu ya shiga duniya. Ban taɓa kawo wannan a raina ba, kuma abin ya dame ni ƙwarai, domin su ne mutanen da nake son zanen ya yi wa magana. Na gwada kanari a keji, sai aka ɗauka tallar tsuntsaye ce. Shirwa da 'yan tsaki kuwa ta karkatar da hankali zuwa satar yara.

Shin tattabarar gida, wadda ke komawa ɗakinta komai wuya, za ta fi dacewa? Ko kuwa in bar kurciyar, in ƙara gajeren rubutu da boko da ajami a ƙasan zanen? Saura mini mako uku, don Allah a taimaka.